Bauta wa Pachamama bai sa matan Inka sun huta ba

Kwanan nan aka turo min wani ɗan gajeren bidiyo a waya, wata baiwar Allah ce mai daɗin murya take bayani a kan daular Inka ta Kudancin Amurka, ga hotunan duwatsu ga busar sarewa a baya. Abun da take cewa a taƙaice wai mutanen Inka sun ɗauki mace abar bauta, ƙasa uwa ce a wurinsu, teku uwa ce, watan sama ma uwa ce, sarauniya kuma kafaɗa da kafaɗa take da sarki, don haka wai mace ba ta san mene ne zalunci ba a wannan yanki sai da Turawan Sifaniya suka zo. Jama'a sai yabawa suke suna turawa gaba.

Ni kam abun ɓata min rai ya yi. Kuma ba don ina da wata ƙiyayya da mutanen Inka ba, mutanen da suka gina daula daga kudancin Kolombiya har tsakiyar Chile, tsawon kusan kilomita 4,000 a kan duwatsu, ba baƙin ƙarfe ba doki ba keken shanu, ai dole ka sara masu. Abun da ya dame ni shi ne ma'aunin da aka ɗauka. Yawan alloli mata da al'umma take bauta wa ba ya gaya maka komai a kan halin da 'yar talaka take ciki, haka ma ƙasaitar matar sarki. In kana son sanin darajar mace a wuri toh ka tambaya gonar wa take nomawa, wa zai gaje ta, kuma in ta ce a'a ana ji ko ba a ji. Duk wanda ya tsallake waɗannan ya tafi yana nuna maka gunkin azurfa, ya ɗauke maka hankali ne daga inda maganar take.

"Amma ai da gaske suna bauta wa uwaye"

Ƙwarai kuwa, ba wanda ya musa. Pachamama ita ce ƙasa, mai ba da amfanin gona, har yau manoma a Peru da Bolibiya suna haƙa rami a watan Agusta su zuba mata ganyen koka da abinci da giyar masara da suke kira chicha. Mama Killa ita ce wata, matar Inti wato rana kuma 'yar'uwarsa, ɗakinta a babban wurin bauta na Korikancha a Kusko, babban birnin daular, da azurfa aka lulluɓe bangonsa kamar yadda aka lulluɓe na rana da zinariya, kuma da ita ake lissafin watanni da bukukuwa. In aka yi husufin wata sai gari ya kaure da ihu da ganguna, a riƙa dukan karnuka don su yi kuka, wai a tsorata dabbar da take son cinye ta. Ga Mama Kocha ta teku, ga Saramama ta masara, har dankali yana da tasa uwar.

Duk wannan haka yake. Amma a ce saboda haka mace ta huta, wannan tsalle ne babba. Manomin da rayuwarsa take rataye da damina da daskararren sanyin dutse ya kira ƙasa uwa, tsoronsa da fatansa yake faɗa, ba doka ya kafa wa matarsa ba. Kamar ka shiga gida ne ka ga an rataya ƙaton hoton mahaifiyar maigida a falo sai ka fito kana cewa lallai matan gidan nan suna jin daɗi, alhali ko madafa ba ka leƙa ba.

Labarin kafuwar daular ma kansa iri biyu ne, kuma ku lura da wanda aka fi yayatawa. A na farko Manco Capac da Mama Ocllo sun fito daga tafkin Titikaka, shi ya koya wa maza noma ita ta koya wa mata kaɗi da saƙa, shi kenan, mace mai ladabi. A na biyu wanda wani Baturen Sifaniya, Sarmiento de Gamboa, ya rubuta a 1572 daga bakin dattawan Kusko, 'yan'uwa takwas ne suka fito daga kogo, maza huɗu mata huɗu, a cikinsu akwai Mama Huaco wadda ita ta jefa sandan zinariyar da ya nuna inda za a zauna, kuma da aka gwabza da mutanen Gualla masu ƙasar, ita ta kashe mutum ta farke ƙirjinsa ta zaro huhunsa ta hura, sauran suka arce. Masu bidiyon zaman lafiya da busar sarewa ba sa kawo Mama Huaco, don ba ta dace da hoton da suke son sayarwa ba.

"Toh Koya fa? Ai tana da iko na gaske"

Nan kam na yarda, kuma na yarda fiye da yadda masu bidiyon ma suka sani. Koya, wato uwargidan sarki, ba adon fada ba ce. Tana da gonakinta, da barorinta, da gidanta, ita ce shugabar bautar Mama Killa, akwai bikin da ake kira Koya Raymi wajen watan Satumba da ke ɗauke da sunanta. In ta mutu ba a binne ta a manta, busar da gawar ake a adana, a ci gaba da yi mata hidima da amfanin gonarta kamar tana raye. Marubuci Garcilaso de la Vega, wanda uwarsa jinin sarautar Inka ce, ya ce da idonsa ya ga gawawwaki biyar a Kusko a 1560, bayan Sifaniyawa sun zaƙulo su daga inda aka ɓoye, uku sarakuna biyu Koya. Guaman Poma, ɗan ƙasa da ya rubuta wa sarkin Sifaniya doguwar takardar koke wajen 1615, ya zana sarakuna goma sha biyu ya kuma zana Koya goma sha biyu, kowacce da shafinta da halinta da kalar tufafinta.

Kuma rigimar gadon sarauta kusan kullum akwai hannun mata a ciki, don sarki yana da 'ya'ya barkatai daga mata barkatai kuma ba dokar cewa dole babban ɗa ne zai hau, toh dangin uwar yaro su ne jam'iyyarsa. Lokacin da sarki Tupac Yupanqui ya mutu, ɓangaren wata matarsa sun so ɗora ɗanta Capac Huari, ɓangaren Koyarsa, wadda ita ma sunanta Mama Ocllo, suka murƙushe su, ɗanta Huayna Capac ya hau. Har fagen fama ma akwai sunan mace, Chañan Cori Coca, wadda ta tare 'yan ƙabilar Chanka a unguwarsu lokacin da suka kawo wa Kusko hari.

Amma Koya nawa ce a daula mai miliyoyin mutane? Ɗaya a lokaci guda. Kuma a ƙarshen daular 'yar'uwar sarki ce ciki ɗaya ake aura masa don kada jini ya gauraya, ba wanda ya tambaye ta ra'ayinta. Wannan jinin da ya ɗaukaka su shi ne kuma ya jawo masu halaka. Da Atahualpa ya ci ɗan'uwansa Huascar da yaƙin neman sarauta a 1532, kafin Bature ko ɗaya ya taka Kusko, mutanensa tara matan Huascar suka yi da 'ya'yansa suka kashe su a gabansa, har masu ciki ba a bari ba, don kada a bar iri. Wannan a birnin da ɗakin Mama Killa yake aka yi shi.

Mu ma fa muna da wannan ɗabi'ar, da an ta da maganar halin da mata suke ciki sai wani ya ce ai mu ne muka yi Daurama muka yi Sarauniya Amina, kamar ambaton sunansu ya biya kuɗin makarantar yarinyar da take talla a tasha. Shi ya sa na gane salon da wuri.

Waɗanda ba a sa su a bidiyo

Ga inda gizo ke saƙar. Kayan alfarmar da Koya take sakawa, wannan lallausan yadi da ake kira kumbi wanda sarki yake rabawa hakimai da jarumai kyauta, da tulin giyar da ake shayar da dubban ma'aikata a bukukuwan gwamnati, wa yake yin su? Akasari 'yan matan da ake kira akla ne, zaɓaɓɓu. Akwai jami'in gwamnati da aikinsa kenan, ya bi ƙauyuka ya duba yara mata 'yan wajen shekara goma ya ɗebi waɗanda suka yi masa, uba ba shi da ikon hanawa. A kai su gida mai katanga da ake kira aklawasi, ƙarƙashin manyan mata da ake kira mamakona, a koya masu kaɗi da saƙa da dafa giya. Garcilaso, wanda shi ɗan gida ne mai son wanke dangin uwarsa, ya ce na Kusko kaɗai yana ɗauke da mata fiye da 1,500.

Masu haƙar kayan tarihi sun tono irin wannan gida a Huánuco Pampa, wani garin gwamnati da Inka suka gina a kan tudu. Katanga ce ta kewaye ɗakuna kusan hamsin, ƙofar shiga guda ɗaya tak kuma 'yar ƙarama, a ciki ba abun da aka fi samu sai kayan mazari da fasassun manyan tulunan giya. Ka tsaya ka kalli wannan tsarin, ƙofa ɗaya, mazari, tulu. Ni dai ban ga wurin girmama mace a nan ba, masaƙa na gani da ma'aikatan da ba su da damar fita.

In sun girma sai a kasa su. Wasu su zauna hidimar rana har mutuwa ba aure, kuma dokar da aka ruwaito ita ce wadda ta karya wannan a binne ta da rai. Wasu sarki ya ɗauka. Wasu ya ba da su tukuici ga sarkin yaƙin da ya yi ƙoƙari ko hakimin da ake son ya yi mubaya'a, kamar yadda ake ba da yadi da garken lama. Wasu kuma a kai su dutse a miƙa su hadaya.

A 1999 aka samu gawawwakin yara uku a ƙolin dutsen Llullaillaco da ke iyakar Ajantina da Chile, tsayin mita 6,739, sanyi ya adana su kamar jiya suka kwanta. Babbar cikinsu yarinya ce 'yar wajen shekara 13, tana zaune ta tanƙwashe ƙafa, kanta ya sunkuya a ƙirji, an yi mata ƙananan kitso masu kyau, ga ganyen koka a bakinta bai gama taunuwa ba. Da aka binciki gashinta sai aka ga a shekararta ta ƙarshe an canza mata abinci zuwa na manya, masara da nama, an kuma ƙara mata koka da giya sosai musamman makonnin ƙarshe. Wato shekara guda ana kiwonta don wannan ranar. Tsakani da Allah yara maza ma ana kai su, ɗaya daga cikin ukun namiji ne. Amma wanda zai ce min mace ba ta san zalunci ba a daular nan, ya je gidan tarihi na garin Salta ya kalli fuskar yarinyar tukuna.

"Ai a wurinsu ɗaukaka ce, kada ka auna su da idon yau"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ban raina ta ba. Gaskiya ne a aƙidarsu yaron da aka miƙa ba mutuwa ya yi ba, ya koma abun bauta ne mai tsare garinsu. Toh amma a duba wa ya ci riba. Wani limamin coci mai suna Hernández Príncipe ya rubuta a farkon shekarun 1620 labarin da mutanen Ocros suka ba shi na wata yarinya Tanta Carhua, 'yar shekara goma, wadda ubanta ya miƙa ta ga sarkin Inka, aka kai ta Kusko aka yi mata biki aka dawo da ita aka rufe ta da rai a rami a kan dutse. Sakamakon da ya biyo baya shi ne uban ya samu kujerar sarautar yankin, shi da zuriyarsa. Ita ta samu zama abar bauta, shi ya samu mulki. Ba sai na ari idon yau ba kafin in gane wannan cinikin, kashin dankali ne, manya a kan ƙanana, kuma kowane zamani ya san shi.

"Ƙaryar Sifaniyawa kake maimaitawa"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan ma. Inka ba su da rubutu irin namu, igiyoyi masu ƙulli suke amfani da su, kipu, don haka kusan duk abun da muka sani ya biyo ta alƙalamin sojoji da limaman coci, maza, waɗanda wasunsu aikinsu ma shi ne su nuna Inka azzalumai ne don a halasta ƙwace. Sarmiento kansa aikin da Toledo, gwamnan Sifaniya a Peru, ya sa shi kenan. Amma gawar Llullaillaco ba Bature ne ya rubuta ta ba, katangar Huánuco Pampa ma haka.

Kuma kada wani ya ɗauka ina wanke Sifaniyawa ne, wallahi abun da suka yi wa matan gidan sarautar nan ya fi ƙarfin a kira shi mugunta kawai. Quispe Sisa 'yar Huayna Capac, yayanta Atahualpa ne ya miƙa ta ga Francisco Pizarro, jagoran Sifaniyawan da suka ci daular, lokacin da Pizarro yake tsare da shi a Cajamarca, ta haifa masa 'ya Francisca a 1534, uwarta Contarhuacho mai mulkin Huaylas har mayaƙa ta aiko suka taimaki Pizarro lokacin da mayaƙan Inka suka yi wa Sifaniyawa ƙawanya a Lima a 1536, amma duk da haka daga baya Pizarro ya aurar da ita ga wani yaronsa, 'ya'yan kuma aka raba ta da su. Cuxirimay Ocllo matar Atahualpa, Pizarron da ya kashe mijinta shi ya ɗauke ta, bayan mutuwarsa ta auri tafinta Juan de Betanzos, kuma littafin da ya rubuta na tarihin Inka daga bakin danginta ya samo shi, sunansa ne a bango amma labarin nasu ne. Cura Ocllo matar Manco Inca da ya yi masu tawaye, kama ta suka yi a 1539, da mijin ya ƙi miƙa wuya suka ɗaure ta a jikin itace aka yi ta harbinta da kibau har ta mutu, suka sa gawar a kwando suka sake ta a kogi don ruwa ya kai masa. Wata gimbiyar kuma, Beatriz, da aka tilasta mata auren wani sojan da ake cewa tela ne a da, da aka tambaye ta a wurin ɗaurin aure ko ta yarda sai ta amsa da harshen Kechuwa, yaren Inka, cewa wataƙila ina so, wataƙila ba na so, aka ɗaura a haka.

Me ya sa suke rububin auren waɗannan mata? Saboda gona da barori da sunan gida suna bin matan. Wata Beatriz ɗin daban, Beatriz Clara Coya, magajiyar dukiyar kwarin Yucay, kyauta aka ba da ita ga Martín García de Loyola, mutumin da ya kamo baffanta Tupac Amaru aka fille masa kai a 1572. Abun lura shi ne Sifaniyawa ba su ƙirƙiro ba da mace tukuici ba, sun tarar da hanyar a buɗe ne suka faɗaɗa ta. Matan nan gaba kura baya siyaki suka shiga.

Abun da ya cancanci yabo, kuma ba a faɗa

Abun da ya fi ba ni haushi ma shi ne akwai abun kirki na gaske da za a iya nunawa, aka bar shi aka kama gumaka. A ƙauyukan Andes mace tana gadon gona da dabbobi ta wajen uwarta, namiji ta wajen ubansa, layi biyu ne kowanne da nasa, aure ba ya cinye abun da ta zo da shi. Masaniya Irene Silverblatt ta yi littafi guda a kan wannan a 1987. A noma namiji ya huda ƙasa da sandan haƙa na ƙafa mace ta bi tana jefa iri, gwamnati ma ba ta lissafa mutum cikakken mai aiki sai ya yi aure, don gida ba ya tsayuwa da hannu ɗaya. A gaɓar teku ta arewacin Peru Sifaniyawa sun tarar da mata masu sarautar gari da kansu, waɗanda suka kira kapulana.

Wannan tsarin ya girmi daular Inka, na manoma ne, ba kyautar sarki ba ce ba kuma kyautar Koya ba. Daular ta ɗebi 'ya'yansu mata, dokar Sifaniya kuma ta zo ta ce matar aure ba ta sayarwa ba ta ƙulla ciniki sai da izinin miji, limaman coci suka bi matan da suka riƙe bautar gargajiya suna kiransu mayu. In akwai abun da matan Andes suka yi asara toh wannan gadon ne, gona da suna daga uwa zuwa 'ya.

Kuma maganar ba ta zama tarihi ba har yanzu. Ekwado ta sa sunan Pachamama a kundin tsarin mulkinta a 2008, Bolibiya ta yi dokar haƙƙin Uwa Ƙasa a 2010, 'yan yawon buɗe ido suna biyan dala a Kusko a yi masu bikin zuba mata giya, sunanta yana jikin riguna da otal-otal. A ƙasar Peru ɗin nan dai, tsakanin 1996 da 2000 zamanin shugaban ƙasa Alberto Fujimori, an ɗaure mahaifar mata fiye da 270,000 da sunan tsarin iyali, akasarinsu talakawan karkara, da yawa masu jin Kechuwa ne kawai, dubbai daga cikinsu sun ce tilasta masu aka yi ko yaudararsu aka yi da takardar da ba su iya karantawa ba. María Mamérita Mestanza, manomiya daga yankin Cajamarca mai 'ya'ya bakwai, an yi ta yi mata barazana har ta yarda, aka yi mata aikin a 1998 ta mutu bayan 'yan kwanaki ba tare da an duba ta ba. Gwamnatin Peru ta amsa laifi a kan mutuwarta a 2003. Fujimori ya mutu a watan Satumban 2024 ba a yanke masa hukunci a kan wannan ba, sauran matan kuma har yau suna zaryar kotu a Lima.